Gilashin Aro da Gaurakin Inna

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga Gusau, ni da abokina mai babur, jakar kyamara a ƙirjina kamar goyon gaba. Kafin in fita na leƙa ɗakin Inna. Idonta biyu, tana jan carbi da hannun da ya rage mata mai motsi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a gidana ba ta sake taka ƙauyensu na bayan Nahuce ba, likita kuma ya ce kada a kuskura a ɗora ta a mota a kan waccan hanya. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana kewar gida ba. Sai dai duk baƙon da ya zo daga can, kafin ya ajiye kwanon ruwa za ta tambaye shi, "Gauraki na zuwa fadama har yanzu?" Wani ya ce suna zuwa, wani ya ce ya manta rabonsa da ganinsu. Tambayar nan ta daɗe tana sukata. Ran nan na kasa daurewa, na ce mata ni da kaina zan je in ɗauko mata su a hoto.

Alkawarin na yi shi da baki cike, amma ku 'yan uwana masu hoto kun san irin aikinmu. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata ke layi a shagona neman hoton fasfo, sai amare, sai 'yan makaranta. Duk waɗannan tsayawa suke yi, har ka ce su ɗaga haɓa su ɗaga. Gauraka ba ya ɗaga wa kowa haɓa. Gilashin kyamarata mafi tsawo iyakarsa ya ɗauko ango daga ƙarshen rumfa. Shi ya sa, ko da yake ƙauyen su Inna yamma yake, muka fara nufar gabas, Tsafe, wurin wani dattijon mai hoto da aka ce yana da abin ƙara wa gilashi nisa.

Gidajen mai duk a rufe, kamar kullum. Muka tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin gari, suka faɗi kuɗin galan, abokina ya yi salati kamar an yi masa rasuwa. Ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu, ya rantse an haɗa da kalanzir, sannan ya saya. Hanya kuwa ta yi kyau da ido. Damina na ban kwana, an yanke gero an kwantar, dawa ta sunkuyar da kai, mata a bakin titi da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya. Ramuka ne dai ba sa barin mutum ya more kallo.

Dattijon na Tsafe mun same shi a ƙofar shagonsa yana shan koko. Ya ce a ƙuruciyarsa ya yi yawo da masu kula da gandun daji, a nan ya samu abin. Ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe cikin tsohuwar hula. Wallahi na raina shi. Ɗan zobe ne mai gilashi, bai kai gwangwanin madara ba.

"Kombata sunanshi," in ji shi. "Tsakanin kyamara da gilashi za ka ɗaura shi. Abin da ke nesa shi ninka maka shi biyu. Amma hwa ba kyauta ba. Haske shi ka ci. In kuma hannunka ya yi rawa, ita ma rawar ninka ta shi ka yi."

Na ce nawa zan ba da na aro. Ya harare ni, ya ce tun da don tsohuwa ne in ɗauka in tafi, in na gama in maido masa abinsa da hularsa.

A hanyar dawowa na ce mu tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi in gwada. Akwai mikiya zaune can ƙololuwa. Na ɗaura kombata na kai ido, sai na ga duniya ta yi duhu, kamar ka fito daga rana ka faɗa zaure. Ga mikiyar ta matso, har ina ganin lanƙwasar bakinta, amma ta ƙi zama wuri ɗaya, sai tsalle take yi a cikin gilashin. Na sauke kyamara na duba, tana nan zaune abinta ko motsi ba ta yi. Ashe ni ne ke rawa. Ni da nake taƙama hannuna bai taɓa ɓata hoton amarya ba! Abin jingina kyamara mai ƙafa uku kuwa na baro shi a shago, don babur ba zai ɗauke mu da shi ba.

Dole muka sake ratsa Gusau. Na hango kwanar gidanmu, na kau da kai, don ban son in shiga hannu wofi ta ɗaga ido ta dube ni. A nan abokina ya kawo shawararsa. Ya ce akwai wani attajiri a unguwar manya da ke kiwon gauraki a tsakar gida, an yanke musu fiffike, mai gadin kuma ɗan garinsu ne. Mu shiga, in ɗauka daga kusa, in ce daga fadama ne, mu huta da man bumburutu. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi ta auna shawarar har muka wuce shataletale. Daga baya na ce masa Inna za ta gane katangar siminti. Ya yi dariya. Gaskiyar magana, ba katangar nake tsoro ba, idonta nake tsoro.

A Bunguɗu muka ci hoce, wainar dawar nan, muka kora da fura, irin mai kaurin nan da ludayi ke tsayawa a ciki. Daga Nahuce muka sauka daga kwalta, nan babur ya gane kurensa. Inda ba yashi akwai taɓo. Rabin hanyar mu muka ɗauki babur ɗin, ba shi ya ɗauke mu ba. Amma tun da muka fara shiga gonakin shinkafa Inna ta faɗo mini a rai. Duk labarin da Inna ke ba mu muna yara a nan ya faru, ga shi ina wucewa ta cikinsa ita tana kwance tana kallon silin.

Kawu, ƙanen Inna, da ya gan ni sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi jikin yayarsa, na ce da sauƙi, ya dube ni ya gane irin sauƙin. Aka kawo tuwon dawa da miyar sure. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya girgiza kai. Ya ce da can garke guda suke sauka, kukansu ke tashin mutane da safe, amma masu tarko sun kwashe su sun kai birni. Biyu suka rage, mata da miji, kuma sun koyi tsoron mutum. Can ƙetaren ruwa suke sauka da hantsi.

To, ga inda aka yi abin. Da safe na fito da kyamara, sai na tarar da rabin gari a ƙofar gida. Labari ya zaga cewa ɗan Inna mai hoto ya zo. Kowa ya ci ado, wasu da rigunan Sallah, wani tsoho har da takobi. Kawu ya shige gaba, aka ɗunguma rakiya zuwa fadama, ana gaisawa da na gona da ƙarfi, ana nuna mini inda Inna ta taɓa faɗawa ruwa. Tun kafin in hango ruwan na ji kukan gaurakin, sau biyu, mai kauri kamar an busa ƙaho. Na ɗaga kai, ga su can sun miƙe wuya sun yi arewa. Kawu ya nuna su da sanda yana murna, "Ga su nan! Ɗauka mana!"

Haushi ya cika ni har wuya, amma wa zan yi wa faɗa? Mutanen nan don Inna suka fito. Na kai kyamara ido don in huce a kan Kawu, sai hancinsa kaɗai ya cika gilashin. Na kwance kombata, na jera mutanen gindin wata tsamiya, na ƙarar da rabin fim ɗina a kansu.

Da yamma na roƙi Kawu gobe a bar ni in tafi ni kaɗai. Ransa ya ɓaci. "Ɗan yayata shi fita daji ba rakiya? A ce mi a gari?" Muka yi ta ja, har muka daidaita: za a raka ni, amma iyakar tsamiya. Na kuma roƙi rabin buhun gero, ya ba ni yana kallona kamar na taɓu.

Haka aka yi. Suka kawo ni tsamiya suka tsugguna, manya da su, shiru kamar ana jiran liman. Na saɓa buhun na bi kunyar shinkafa a duƙe, na hau wani ɗan tudu, na kwanta rub da ciki, na nutsa gilashin cikin geron ya zauna daram. Gaurakin suka sauka tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Na leƙa, duhu. Na tuna maganar dattijon Tsafe, na haƙura. Sauro ya ci rabonsa, tururuwa ta shiga wandona, ina kallon su suna kiwo can nesa, ina addu'a kada wani a tsamiya ya yi tari. Da rana ta ɗaga ta zuba a kan ruwan, sai na ga tukkun nan nasu mai ruwan zinariya ya kama haske. Na riƙe numfashi na latsa. Na sake. Ban daina ba sai da fim ya ƙare. Da na waiwaya, mutanen tsamiya na nan yadda na bar su. Kawu ya ɗaga sanda yana tambaya, na ɗaga hannu, sai kabbara ta tashi, gauraki suka yi sama.

Da muka dawo Gusau na kai fim wanki, na tsaya a kansa. Yawancin hotunan gaurakin sun yi dishi-dishi. Guda ɗaya ya fito, shi ma in don gasa ce ba zan nuna muku shi ba: tsuntsaye biyu ƙanana, ɗaya ya sunkuya, ɗaya ya miƙe wuya, bayansu ruwa da wata kuka.

Na tayar da Inna zaune na jingina ta da filo. Na fara ba ta na mutanen tsamiya. Ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa tana kiran sunaye, tana dariyar mai takobi, tana tambayar waɗanda ba ta gani ba. Sannan na miƙa mata na ƙarshen. Ta ce, "Suna nan ashe." Na zaci shi ke nan. Sai na ga yatsanta ya wuce tsuntsayen ya tsaya a kan kukar.

"Wagga kukar gidanmu ce. Wa ya matso da ita bakin ruwa?"

Ni ban ma san kukar kufan gidansu ba ce. Na ce mata aikin gilashin ne, in ya jawo abu sai ya jawo har da na bayansa, su haɗu kamar suna wuri ɗaya. Ta ce tsakanin kukar nan da ruwa, da tulu a kai, sai sun huta a hanya ita da ƙanwarta da ta rasu. Ta daɗe tana kallo.

Na tafi da tunanin nisa abu ne da ake maganinsa da kayan aiki, in gilashi bai kai ba a ƙara masa wani. Na dawo na san kombata na kawo abu gaban ido, amma mutum na nan inda yake kwance. Na kuma koyi cewa in za ku je ɗaukar tsuntsu a garin dangi, ku fara sasantawa da masu rakiya, ku nemi buhun gero.

Ina naɗe kombata cikin hularsa don in mai da shi Tsafe, Inna ta kira ni. Hoton na kan ƙirjinta.

"Wanga abu naka," ta ce, "in ka hau saman soro nan ka juya shi yamma, ba ya kaiwa?"

Na ce, "Ba ya kaiwa, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce to in jingina mata hoton a bango, daidai inda take juyawa in ta kwanta.