Taliyar Inna Ba Kifi

Shekara bakwai rabona da garinmu Warra. A nan Italiya aikina cusa kifi da alayyafo cikin taliya, don kada ta zama fulawa zalla ta tayar wa mutane suga.

Jiya ƙanwata ta ce sugan Inna ya sake hawa, taliya take ci safe da yamma. Na kira Inna ina faɗa.

"Ki rage taliyar nan, ki riƙa haɗawa da kifi."

Ta yi dariya. "Sannu likitan Turai! Kwalekwalen da ka saida ka tahi, shi za ya kamo min kihin?"

Gaskiyarta. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ku da ke gida, nawa kifi karfasa yanzu a kasuwar Yelwa? Kunyar tambayar Inna nake ji.