Daɓen da ya fitar da mu daga ɗaki

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ni da maigidana muna haya a Keita, ɗaki guda a gidan wani ɗan kasuwa. Maigidan nawa tela ne, ni kuma ina goyon fari. Lokacin ne aikin raya karkara ya sauka garin, ma'aikata suka yi ta kwararowa, har ɗakin ajiye harawa sai da ya samu mai kwana.

Ni ƴar garin Tama ce, a gidanmu mace ba ta zama cikin ƙura. Da bazara ta kama na jiƙa makuba, na samo tsakuwa, na yi wa ɗakin daɓe, na shafe bango da farar ƙasa. Wata tsohuwa mai haya kusa da mu ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi haka? Ba a yi ma ɗakin haya kwalliya yanzu. Ki bar shi da muninshi." Na yi dariya, a raina na ce ƙyuya ce take nema wa suna.

Daɓen ya yi kyau, har ni da kaina nake kiran mata su zo gani. Ɗan kasuwar mai gidan ma ya gani. Ba a jima ba ya zo da wani ma'aikaci mai babur, suka tsaya bakin ƙofa suna kallon ƙasa, ko kallona ba su yi ba. Da la'asar ɗan kasuwar ya kira maigidana.

"Ku yi haƙuri, ɗakin ga ya hi ƙarhinku. In wata ya mutu ku tashi."

Maigidana ya ce, "Alhaji, matata ce hwa ta gyara shi da hannunta."

"Allah shi yi mata albarka. Amma ƙasar wa ta daɓe?"

Babu inda za mu kai kuka, ga hadari ya fara haɗuwa. Mun zaga garin kaf ba ɗaki. Ruwan farko a wata rumfar zana ya same mu, ina kare jaririyata da tabarma.

Rumfar ta wuce, na daɗe da yafe ta. Abin da ke mini ciwo har yau daban ne. Mun yi haya a Buza, mun yi a Madawa, ban sake ɗaukar madaɓi ba. Ƴata ta tashi cikin ɗakuna masu ƙura, har wata rana ta tambaye ni ko ban iya gyaran ɗaki ba ne kamar iyayen ƙawayenta.

Na ce mata na iya. Tsoro nake ji.