Hoton Inna Daga Bakin Zaure

Na ɗauki hoton rabin mutanen Malumfashi, amare da angwaye, alhazai ranar dawowa, 'yan makaranta masu neman fasfo, har da wani da ya jawo sansa ya ce a ɗauke su tare. Amma ba ni da hoton mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, a wajenmu kuwa uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Malumfashi, ita tana ƙauyenmu ta wajen Ƙarfi. In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri, kafin in gyara zama ta tuna ta bar tukunya a wuta. In kuwa ta ga kyamara a wuyana, ranar ko ƙeyarta ba zan ƙara gani ba. Ƙanwata, autarmu, ta sha gwadawa da waya, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Hotonta guda ne a duniya, na katin zaɓe, ta fito a ciki kamar wadda aka kama da kayan sata.

Da can abin dariya yake ba ni. A damanar da hawan jini ya kwantar da ita na daina dariya. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ta zube, zoben azurfarta har yawo yake yi a yatsa. Tsoro ya kama ni sosai, kada fuskar nan ta tafi ban taɓa kallonta da kyau ba.

Dabara ɗaya ta rage mini. Maigidana da ya koya mini aiki, ranar da zai rufe shago, ya bar mini wani dogon gilashi, irin wanda ake ɗaurawa a bakin kyamara ya jawo abin da ke nesa. Da shi yake ɗaukar 'yan ƙwallo da 'yan dambe. Na ce tunda ta ƙi ni a kusa, sai in sato ta daga nesa. Sai dai kyamarar da gilashin ke hawa ta mutu a wannan damanar, ni da ita da babur muka faɗa ruwa a hanyar Kafur. Aikin biki da ta aro nake yi, ita kuma bakinta daban ne, gilashina ba ya zama a kanta.

Na nufi Funtuwa wurin wani mai shagon kayan lantarki, ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya zube mini kyamarori a kan kanta, nan take ruwan ido ya kama ni. Akwai wata ƙarama mai araha, ba nauyi, sai ka jefa ta a aljihun riga, amma gilashinta a manne yake, ba a cirewa balle a sa wani. Na ture ta gefe, araha ba ta ado. Ya miƙo wata ƙatuwa ta hannu, 'yar gidan tsohuwar kyamarata. Na murɗa gilashina a bakinta ya zauna daram, har raina ya yi fari. Nauyi gare ta kamar dutsen guga, amma wannan bai dame ni ba, wuyana ya saba. Na danna, ta ce ƙaras, har wata mai sayen fitila ta waiwayo.

"Malam, mi ya faru?" in ji mai shago. "Ka ɓata fuska kamar an ce maka ta sata ce."

Na ce, "Ƙararta ta yi yawa."

"Yo ɓera za ka ɗauka?"

Na mayar masa da ita kan kanta. Inna tana jin motsin kaza a bayan rumbu, balle wannan. Ya shiga ciki ya fito da ta yayi, siririya, marar madubi a ciki, wadda za ka danna ko kai mai dannawa ba ka ji ba. Na auna ta a tafin hannu, kamar ban ɗauki komai ba. Da ya faɗi kuɗinta sai da na nemi kujera. Kuma bakinta bai zo ɗaya da gilashina ba, sai an sayi wani zobe an sa a tsakani, shi ma da nasa kuɗin. In an sa zoben kuwa, kyamarar ba za ta saita hoto da kanta ba, sai ka yi ta murɗawa da hannu har ya fito tas. Na ce tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Na ɗauki gilashina na koma Malumfashi hannu rabbana.

Daga nan na zama ɗan hanya. In na kwana da niyyar ƙatuwar, in tashi da son siririyar. Ina cikin wanke hotunan mutane sai in tsinci kaina a waya ina kallon wasu Turawa suna gwada wannan da waccan, su ɗora a sikeli, su yi ta surutun da rabi ba na ganewa. Na koma Funtuwa, na sake komawa, har direbobin tasha suka fara tambayata ko aure nake nema a can. Duk zuwa kuma sai in tarar kuɗin ya ɗaga, wai dala ta tashi. Mai shago ya daina fito da su, da ya hango ni sai ya ce, "Ga mai auna kaya ya zo, a ba shi kujera." Haushi ya riƙa cina, na kansa da na kaina, har na fara yi wa masu zuwa fasfo tsawa a kan gyaran hula.

Ana cikin kaka ƙanwata ta kira ni. "Yaya, jiri ya sake ɗibar Inna wajen ɓarar masara. Ta warware, amma ka zo ka gan ta."

Kowane manomi ya san ba a sayar da masara da kaka, lokacin da take zube a ko'ina ba daraja, ajewa ake yi sai ta yi tsada. Ni kuwa na kwashe abin da gonata ta ba ni na kai kasuwa, 'yan uwa suna ta ce mini na haukace. Na sayi siririyar da zobenta. Mai shago ya ɗaura mini gilashin da kansa, ya ce Allah ya sa alheri, ya kuma roƙe ni kada in dawo.

Na isa ƙauye da hantsi, ban yi sallama ba. Akwai bishiyar dogon yaro a bayan katangarmu, na tattare riga na hau, ni da gemuna. Daga can na hango ta a tsakar gida tana sheƙar masara. Nan na gane abin da Turawan waya ba su faɗa ba. Kyamarar ba nauyi, gilashin kuwa nauyi, sai kan ya riƙa rinjaya ƙasa. Kafin in murɗa ta fito, ta sunkuya. In sake murɗawa, ta juya baya. Na ɗauki ƙwarya, na ɗauki ƙeya, na ɗauki akuya. Tururuwa suka shiga wandona, reshe ya fara ƙara.

Sai na ji muryarta, ba ta ko ɗaga kai ba, da ƙanwata take magana.

"Ke, ki ce ma wancan ya sauko kafin ya karye mana. In abin nan ne ya hana shi zama, ya zo ya yi ya tafi."

Na sauko jikina duk ƙaiƙayi, kunya kamar in nutse. Kafin in zagayo ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na Salla, ta zauna a kujerar tsugune, ta kawar da kai wajen rumbu. Na durƙusa a gabanta na ɗaga kyamara, ban ga komai ba sai hazo. Gilashin 'yan ƙwallo ne, ba ya ganin abin da ke kusa. Na ja baya, hazo. Na ƙara ja, na wuce turmi, na wuce turken awaki, ƙanwata tana dariya har da riƙe ciki, sai da na tsinci kaina a bakin zaure. A nan na murɗa, fuskar ta fito.

Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Ashe akwai ɗan tabo a saman girarta ta hagu. Ashe kwalli take sawa har yanzu. Ita kuwa da ta ga na yi nisa, har na zama kamar baƙo a ƙofar gida, sai ta juyo a hankali ta dube ni sosai, ido cikin ido. Na danna. Kyamarar ba ta yi ƙara ba, don haka ba ta san an gama ba, ta ci gaba da kallona. Na ga hoton ya yi kyau, amma ban sauke hannu ba.

Ƙanwata ta ɗaga murya daga tsakar gida. "Yaya, ka gama? Inna ta gaji."

Na ce, "Da saura."