Yadda Ɗelu Ta Dawo Da Datti Gida

Duk ɗalibin Arewa da ya zauna a Danau Kota, unguwarmu a can ƙasar waje inda muke karatu, ya ci tuwon Ɗelu, wanda ya ce bai ci ba ƙarya yake. 'Yar Malumfashi ce, gajeriya, ga faɗan tsiya. Ka yi ƙorafin gishiri ta ce ka sauka wajen mamak, masu shagon abincin 'yan ƙasar, ka ci gurasarsu ta roti. Mijinta Datti ne ke raba abincin gida-gida a babur. Ƙofata na kallon tata, amma na daɗe ban gane 'yan Katolika ba ne. Suna irin namu, zani irin namu, ta ina zan sani?

Da korona ta yi tsanani aka sake kulle gari, kowa ya gaji. Mun gaji da takunkumi, mun gaji da jiniyar motar asibiti, mun gaji da junanmu ma. A nan cutar ta kama Datti. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, ba ta ƙara ganinsa ba.

Ranar da ya rasu suka kira ta a waya. Wai gawarwaki sun yi yawa, ba a samu wurin binne baƙon da ba Musulmi ba, ƙonawa za a yi. Ta zube a bakin ƙofa.

"Murja, ƙona mutum? Sai ka ce shara?"

Na'Allah, shugabanmu na ɗalibai, ya zo ya tsaya nesa da takunkuminsa. "Yaya Ɗelu, a fasfo ɗinsa Datti Adamu aka rubuta. Ke dai ki yi shiru. Mu ce Musulmi ne irinmu, a sa shi a ƙasa kamar kowa."

Har na ɗauka ta yarda. Can ta miƙe ta ciro wani ƙaramin hoto daga bangon kicin, wani tsoho mai farin gemu.

"Waliyyi Polikap ke nan. Sunansa aka sa wa Datti ranar baftisma. Zamanin Rumawa aka ce ya zagi Almasihu a sake shi, ya ƙi, suka cinna masa wuta. Mutanensa suka tsince ƙasusuwan suka adana. Ranar idinsa Datti ko babur ba ya hawa."

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Yaya! Wancan da ransa ya zaɓa. Wannan ya riga ya tafi, wa zai tambaye shi?"

"Shi ya sa," in ji ta. "Ba ya nan balle ya ce a'a. Na gode, Na'Allah, Allah ya saka. Amma ba zan yi masa ƙarya a kan gawarsa ba."

Bayan an ƙone shi, ni na raka ta ta karɓo tokar. Wani ɗan tulu ne fari, bai kai tukunyar miyarta ba. Ta rungume shi a cinya a bayan mota, ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare.

Muna shiga Setapak, dab da gida, wayarta ta yi ƙara. Uwar Datti ce daga gida, tsohuwa, muryarta har ni ina ji.

"Ɗelu, an kai shi? Kun samo masa ƙasa mai kyau?"

Ɗelu ta dube ni, ta dubi cinyarta.

"Inna, ba a kai shi ba," ta ce. "Yana hannuna."