Gizo-gizon Haggai

Haggai Dung ɗan Barikin Ladi ne. Karatun kwamfuta ya kawo shi Kuala Lumpur, da ya gama kuma bai koma gida ba. Ya samu aiki a wani kamfani a Bukit Jalil, yana amsa wayar masu ƙorafi tun safe har yamma. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, aikin kuma ya cinye ɗan abin da ya rage masa.

Gizo-gizonsa na farko ba saya ya yi ba. Wani maƙwabcinsa ne zai tashi, ya rasa wanda zai bar wa, Haggai ya karɓa don kunya. Irin manyan nan ne masu gashi da ake kira tarantula, mace, ta kusa cika tafin hannu, baƙa mai jan gwiwa. Ya sa mata suna Kaka saboda yadda take tafiya a hankali. Kafin shekara ta zagayo, akwatunan gilashi na wasu da ya ƙaro sun cika kantar ɗakinsa. Yana ba su gyare, yana zuba musu ruwa a murfin kwalba, idan ɗaya ta yi saɓa ya ɗauke tsohuwar fatar da tsinke ya adana. Ya ce abin da ya sa yake son su, ba sa kuka, ba sa tambayarsa komai.

Muntasir, Bakanon da suke haya tare, mai kawo wa ɗalibai kayan miya daga kasuwar Chow Kit, ya rantse ranar da ɗaya ta kuɓuce zai kwashe kayansa. Ko ƙofar ɗakin ba ya taɓawa.

Ciwon ya shigo ne da wata sabuwa da Haggai ya saya a hannun wani mutum a intanet. Ta ƙi cin abinci, sai wani farin abu kamar koko ya taru a bakinta, akwatin yana wari. Masu kiwon irinsu suka gaya masa ƙananan tsutsotsi ne, ya raba ta da sauran maza-maza. Ya raba, amma ya makara. Ya kai ta asibitin dabbobi a cikin robar abinci, likitar ta duba, ta ce gaskiya ita karnuka da kyanwoyi ta sani, kuma ba ta jin akwai magani.

Daga nan sai suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ya canza musu ƙasa, ya wanke akwatunan da ruwan zafi, ya goge musu baki da auduga. Ya tashi da safe ya tarar da wata ta naɗe ƙafafunta ƙarƙashin cikinta, ya rufe ta da takarda, ya tafi aiki ya yini yana ba mutane haƙuri a waya. Ya rame. Abincin da yake yin tapau, wato a ƙunsa masa ya tafi da shi gida, daga shagon mamak na Indiyawa Musulmi, sai ya huce a leda bai buɗe ba.

A coci, a Brickfields, ya gwada faɗa wa Mama Agnes, wadda take ɗaukarsa kamar ɗanta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce Allah ne ya raba shi da su, yanzu sai ya nemi mata. Bai ji haushinta ba. Bai dai sake faɗa wa kowa ba.

Kaka ce ta ƙarshe. Ta jima tana fama, har ya fara sa rai. Wata Asabar da hantsi Muntasir ya ga ƙofar a buɗe, Haggai na zaune a ƙasa da akwatin a cinyarsa. Muntasir ya tsaya a bakin ƙofa, can ya cire takalmi ya shiga.

"Ita ma ta tafi?"

"Ni na kawo musu ciwon," in ji Haggai. "Suna zaune lafiya."

Muntasir bai ce masa ƙwaro ne kawai ba. Ya ɗauko cokalin girki, suka sauka bayan ginin inda ake shuka furanni, shi ya haƙa ramin da kansa, ko da yake ya kau da kai lokacin da Haggai ya sa ta ciki. Ruwan saman da aka saba yi da la'asar bai sauko ba sai da suka hau sama.

Akwatunan sun daɗe a kanta babu komai a ciki. Daga baya Haggai ya wanke su ya ba wata ɗaliba, Fatiha, ta shuka na'a-na'a a barandarta. Masu kiwo sun yi masa tayin wasu kyauta, ya ce tukuna. Har yanzu yana nan a kamfanin. Da yamma yakan zauna a falo tare da Muntasir, yana taya shi ƙulla kuka da daddawa a leda, Muntasir na ta zuba, shi kuma yana gyaɗa kai.