Ƙyallen da Haruna Ya Hana a Yanke

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai ƙanena, Dakta Haruna, makwancinsa a Bwari. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Har yau idan na zauna bayan la'asar, duwatsun garin nan suka fara sauya launi, sai in ga kamar ga shi yana tahowa da farar rigarsa a kafaɗa, yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya son ya tashi mai barci.

Mahaifinmu tela ne. Ni aka ba wa allo da littattafan fiƙihu, shi kuma aka kai shi boko, har ya zama likitan tiyata mai gyaran hanyar fitsari da al'aurar maza a wani asibiti a Abuja. Na daɗe ina jin nauyin ambaton aikinsa a gaban almajiraina, alhali mu ma a babin tsarki muna kiran kowace gaɓa da sunanta.

Da aka haifi jikana Sadiƙu, mata suka yi ta murna, wai ya zo da kaciyar mala'iku, domin fatar gabansa a buɗe take ta ƙasa, saura kaɗan ta sama. Ni ma na karɓi zancen. Da ya shekara biyu na yanke hukunci a kira wanzami daga Masaka ya ƙarasa abin da ya rage, sunna ta cika. Aka tsayar da Asabar.

Ranar Juma'a Haruna ya zo gaishe ni. Yaron ya tsuguna a tsakar gida, fitsarin ya gangaro masa a ƙafa maimakon ya yi gaba. Haruna ya ɗauke shi, ya duba, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya Malam, ƙofar fitsarin ba a kai take ba, a ƙasa take, gaban kuma ya lanƙwashe. Idan aka bar shi haka, ko ya yi aure da wuya ya ga ɗansa. Da fatar nan zan ɗinka masa hanya."

Na ce ina tsoron mu faɗa cikin sauya halittar Ubangiji.

Ya yi murmushi. "Kai ne malami, kai ka san bambancin sauyawa da gyara. Ni abin da na sani, Baba bai taɓa zubar da ƙyalle ba sai ya gama riga."

Na koma littattafaina, na iske malamai sun halatta kawar da cuta da maido da gaɓa kan aikinta. Da kaina na je Masaka na ba wanzami haƙuri. Sau biyu Haruna ya shiga da yaron tiyata, ya yi ɗinkin da zaren da ya fi gashi siranta.

Ina yawan tunanin me Haruna zai ce da ya ga zamanin nan: masu tallan maganin maza a waya suna ihu ba kunya, ga kuma magidancin da haɗarin mota ko kaciyar ganganci ta nakasa, ya kulle bakinsa shekara da shekaru don kunya. Ina jin zai ja kujera kusa da shi, kamar yadda ya saba, ya fara tambayarsa labarin gona.

A watan jiya matar Sadiƙu ta sauka, namiji. Kafin suna, Sadiƙu ya kawo mini shi in yi masa huɗuba.

"Tsoho, ga abokin hamayyarka," in ji shi. "Mata na cewa shi ma mala'iku sun riga wanzami."

Na buɗe zanen, na duba. Irin ta ubansa ce sak. Sai na ji kamar akwai mai farar riga tsaye a bayana yana jiran abin da zan ce.

Haruna bai bar littafi ba, bai bar gida a Maitama ba. Ga dai jinjiri a cinyata wanda da ba don allurarsa ba, wataƙila da ba a haife shi ba. Na raɗa masa suna Haruna a kunne, sannan na ɗago na ce wa ubansa:

"Ranar suna wanzami ya yi aski kawai. Ƙyallen nan na likita ne."