Wankan Inna a Ƙarƙashin Zane

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan", in da baƙi a gida kuma na zama "yarinyar nan". Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Mu Kirista ne, amma a wannan ba mu bambanta da maƙwabtanmu na Argungu ba. Uwa tana kunyar ɗan fari, shi ke nan. Ban taɓa tambayar dalili ba, amma abin ya sha ci mini rai.

Shekarar da aka ba mu jiha aka dawo da maigidana daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi da aiki. Ba mu gama zama ba ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. Ƙannena biyu duk maza ne, don haka wata maƙwabciyarta Musulma, wadda muke kira Gwaggo, ita ke yi mata wanka, tana juya ta. Ni kuwa duk Asabar in hau mota in je Argungu, in yi shara, in dafa, in wanke zannuwa. Da an ɗauko bokiti sai Inna ta dubi Gwaggo ta ce, "Ce ma waccan ta hita." Sai in fita in zauna a gindin dalbejiya, ina jin ƙarar ruwa, ina cika ina batsewa.

Wata Talata a taron zumuntar mata, matar fasto ta ɗauko mana labarin mutum na farko da matarsa. Ta ce kafin su yi zunubi tsirara suke, kuma babu mai jin kunyar wani. Wata tsohuwa da ke gefena ta ajiye maficinta ta ce, "To, ashe fitsararru ne." Aka kwashe da dariya, har da ni. Matar fasto ta ce a'a, ba su da abin ɓoyewa ne, ga Allah ko ga juna. Sai da suka ci abin da aka hana su idonsu ya buɗe, suka ɗinka ganyen ɓaure suka ɗaura, suka laɓe. Kunya, in ji ta, tare da zunubi ta shigo duniya.

Dariyata ta tsaya. Ni dai tun ina ƙarama na san babu zagin da ya kai a ce maka marar kunya. Yarinya mai kunya ake nema wa ɗa. Gwaggo ma ta sha faɗa mini cewa a addininsu kunya daga imani take. Yanzu kuma ga matar fasto tana cewa 'yar zunubi ce. To wace ce gaskiya? Ko kunyar iri biyu ce, bakinmu ne ya haɗa su a suna ɗaya? Na so in tambaya, sai na ji kunyar tambayar, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. A hanyar gida na yanke wa kaina hukunci: in dai kunya daga faɗuwa cikin zunubi ta fito, to abin da ya raba ni da uwata shekara talatin ba na Allah ba ne.

Asabar ɗin nan Gwaggo ta tare ni a zaure. Ta ce ɗiyarta da ke aure a Augie ta kusa haihuwa, jibi za ta tafi, sai an yi arba'in. Ta kuma ce gyambo ya fara fitowa a kwankwason Inna, in aka kwana biyu ba a wanke ba, ba a juya ta ba, zai ci ciki. "Ke za ki yi," in ji ta, "babu wata."

Na shiga ɗaki da ƙarfina, kamar wadda aka aiko. Na ce, "Inna, wannan kunyar da kike ji ba ta Allah ba ce. An karanta mana, daga zunubi ta fito." Na zuba mata labarin duka, har da ganyen ɓaure. Ban taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba a rayuwata.

Da hannunta mai lafiya ta ja zane har wuya, ta juya fuska bango. Can ta ce wa Gwaggo, wadda ta biyo ni ɗakin, "Ji min. Abin da nir riƙe mata shekara da shekaru, yau shi na zunubi." Ranar ba ta ci abinci ba. Furar da na dama ta kwana a ƙwarya.

Ban koma Birnin Kebbi ba. Washegari Lahadi na tsaya bayan sujada na kama wani dattijon majami'armu, tsohon abokin babana, na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, "Ɗiyata, kin ji rabin labari kin ruga da shi." Ya ce da Allah ya sami mutumin nan da matarsa a laɓe, bai fizge ganyen ya ce su koma yadda suke ba. Tufafi na fata ya yi musu, ya sa musu da kansa. Na ce to kunyar mai kyau ce ke nan? Ya ce bai ce ba. Na ce marar kyau ce? Ya ce wannan ma bai ce ba, shi dai ya san wanda ya gan su tsirara rufe su ya yi. Na fito a ruɗe fiye da yadda na shiga, har ina ƙunƙuni cewa tsofaffin nan ba sa ba mutum amsa a miƙe.

Da la'asar na tarar da Gwaggo ta ɗora ruwa. Na gaya mata abin da dattijo ya ce, don dai in sauke abin da ke cikina. Ta dube ni ta ce, "Ke kin zaci ni kallonta nike yi?" Ashe duk watannin nan ba ta taɓa yaye wa Inna zane ba. Babban zane take shimfiɗa mata daga ƙirji zuwa gwiwa, ta sa hannu da soso ta ƙarƙashi. Gyambon ma da yatsa ta gano shi, wurin kaɗai take buɗewa ta sa magani. Ni ina gindin dalbejiya ina ƙulla fushi, ban taɓa tambayar yadda ake yi ba.

Litinin da safe Gwaggo ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta hau mota ba sai ta ga na yi. Na shiga da bokiti. Inna ta buɗe baki za ta ce in fita, sai na riga ta, na warware zanen na rufe ta, na kawar da kaina wajen ƙofa. Na tura hannuna ƙarƙashi. Ban san ta rame haka ba, haƙarƙarinta ɗai-ɗai suke a tafin hannuna. Ita tana kallon bango, ni ina kallon ƙofa. Tausayi ya kama ni, kunya ma ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na rasa ko ta zunubin ce ko ta imanin, har yau kuma ban sani ba.

Da na gama na shafa mata mai, na sa maganin, na ɗaura mata busasshen zane kafin in janye jiƙaƙƙen. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yaya, in tahi?"

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Tahi. Yarinyar nan ta iya." Sannan ta ƙara, "Ce mata ta dama hura."

Ina tsaye a kanta, taku ɗaya tsakaninmu. Gwaggo ta juyo ta ce mini, "An ce ki dama hura." Na ce to, na ɗauki ƙwarya na fita.